Yadda za ka gane ko 'yar ƙaramar mota mai gudu za ta zauna da kai lafiya a Garwa ta ƙasar Kamaru

Shekara biyu da rabi na yi ina hawan wata 'yar ja mai ƙofa biyu, irin wadda ake naɗe rufinta, kafin na rabu da ita. Har yau in na ji ƙugin irinta a unguwar Yelwa sai na waiwaya. Don haka ba hana ka na zo yi ba. So nake ka yi awon da ni ban yi ba, tun kuɗinka na aljihunka.

Mataki na farko, ari magwajin tela ka fita ƙofar gidanka. Motoci irin su Mazda MX-5 da Toyota GT86 tsakanin cikinsu da ƙasa wajen santimita 13 zuwa 14 ne, Hilux kuwa ta haura 20. Kada ka auna da kwaltar tsakiyar gari wadda aka gyara saboda gasar cin kofin Afirka ta farkon 2022, wancan titin kowa ma ya ji daɗinsa. Auna lungun da kake bi safe da yamma. Nemi inda sawun tayoyi biyu suka zurma, ka duba tsayin tudun da suka bari a tsakiya. Auna gadar kwatar da ke bakin get ɗinka da tudun rage gudu mafi tsayi a hanyar wurin aikinka. In da hali, ka yi wannan awo a watan Agusta bayan an sha ruwa, don lungun rani daban, na damina daban. Ni a irin wannan tudu na ji "ƙwas" a ƙarƙashina wata safiya. Na fito na durƙusa, sai ga baƙin mai yana tsiyaya cikin laka daga kaskon inji, yaran unguwa sun kewaye ni suna yi mini sannu suna ƙunshe dariya. Mutum huɗu suka tura ni zuwa gindin darbejiya.

Na biyu, rubuta duk wanda ka ɗauka da duk abin da ka ɗauko a mota cikin sati ɗaya, ba ragi. Yara zuwa makaranta, uwargida zuwa suna, maƙwabcin da ya tsaya bakin titi ranar Juma'a yana jiran ka rage masa hanya. MX-5 kujera biyu gare ta, but ɗin sabon ƙirarta lita 130 ne. Buhun masara ba ya shiga, balle ragon layya daga kasuwar Pitowa. Masu kujera huɗu irin su GT86 ko Peugeot 206 CC, na bayan sai dai yaro ko jaka.

Ranar da na je ɗaukar mahaifiyata zuwa gaisuwar rasuwa, ta tsaya ta dubi motar daga sama har ƙasa, ta ce, "Kai yaron nan, in na sauka cikin wannan rijiya wa zai jawo ni?" Na ce, "Hajiya, ai da daɗin zama." Ta ce in kira mata ƙanena ya zo da tsohuwar Corolla ɗinsa. A wannan gari mota ba taka ba ce kai kaɗai, kuma wanda ba ka ɗauka ba bai san kujera ce ta hana ka ba, gani yake girman kai ne.

Na uku, je wurin bakanike kafin ka je wurin dillali. Faɗa masa sunan motar da shekararta, ka tambaye shi ya taɓa buɗe injin irinta, kuma in shokozoba ko famfon mai ya mutu daga ina za a samo. Kayan Corolla da Hilux ko a rumfar bakin titi akwai su. Na waɗannan kuwa sai an aika Duwala, tafiyar fiye da kilomita dubu, ko a tsallaka Najeriya, kana zaune kana hawan mashin sati biyu. A nan ne motocin suka bambanta. Peugeot 206 CC da Golf GTI suna tarayya da 'yan'uwansu na gama-gari a kaya da yawa, sai dai na'urar naɗe rufin ta farkon da take ita kaɗai. GT86 tambarin Toyota ke gabanta, amma injin cikinta ƙirar Subaru ne mai kwantattun silinda, don haka kada ka yarda da "ai Toyota ce, mun san ta". Celica kuma tun 2006 aka daina ƙera ta, duk wadda ka gani ta sha miya, komai ƙyallin fentinta.

Daga gareji ka biya wurin mai taya. Duba rubutun da ke jikin tayar. In ka ga 205/45 R17, kaurin robar da ke tsakanin ƙarfe da kwalta bai fi santimita 9 da 'yan kai ba, ta Corolla mai 195/65 R15 kuwa ta kusa 13. Rami ɗaya a hanyar Marwa ya isa ya lanƙwasa maka ƙarfen taya, kuma da yawa cikin motocin nan ba su zuwa da safaya, sai 'yar kwalbar liƙe huji. Tambayi mai faci na garin Figil da ke kan wannan hanya ko yana da irinta, ka ga kallon da zai yi maka.

Na huɗu, lissafin mai da zafi. Ƙaramar mota ba ta cika sha ba in ana lallaɓa ta, amma wa ya sayi irinta don ya lallaɓa? Abin dubawa shi ne irin man. Injinan nan suna son fetur mai tsabta, zuwa-zuwa kuwa, wato man Najeriya da ake sayarwa a kwalba, ba ka san abin da ya gani a hanya ba, datti kaɗan ya toshe maka bakin feshin mai. Tun da Najeriya ta cire tallafi a watan Mayun 2023 arahar zuwa-zuwan ma ta ragu, litar gidan mai kuma ta koma sefa 840 a watan Fabrairun 2024. Yi lissafinka da farashin gidan mai. Sannan ka bar mota a kunne cikin rana da na'urar sanyi tana aiki, ka zuba wa allurar zafi ido minti ashirin. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa yana wuce digiri 40, lagireton da ya yi aiki lafiya a Turai nan ne asirinsa ke tonuwa. Buɗe rufi da rana tsaka kuwa, gasa kai ne kawai.

Na biyar, takardu: ta duwan (kwastan), kat giris (rajistar mota), asirans (inshora) da bizit teknik (gwajin lafiyar mota). Lambar da ke jikin ƙarfen mota ta yi daidai da ta takarda, sitiyari ya kasance a hagu. Duk wadda aka ce "takarda na hanya", bar ta a hanyar.

Na shida shi ne mai daɗin. Roƙi mai motar ya bar ka ka tuƙa ta bayan la'asar, ka tsallaka gadar Binuwai ka nufi wajen Lagdo. Ba tsananin gudu za ka nema ba, hanyar da shanu da jakuna da manyan motocin auduga ke bi ba filin tsere ba ce, ga jandarmomi. Saurari yadda take bin hannunka. Mota mai nauyin da bai wuce tan ɗaya da kaɗan ba, kana karkata sitiyari ta riga ta juya, giya na shiga kamar an shafa mata man shanu, a kilomita 70 ma kana jin kamar tashi za ka yi. Ranar da na fara hawa kwane-kwanen dutsen nan na kafin Ngaundere da sanyin safiyar Disamba, rufi a naɗe, ni kaɗai ina dariya kamar taɓaɓɓe, na yafe mata kaskon inji da komai. In ka sauko ba ka ji wani abu makamancin haka ba, miƙa makulli ka yi godiya, Corolla na jiran ka.

In kuwa ka ji, saura tambaya ɗaya: akwai wata mota a gidan da za ta ɗauki Hajiya da buhu? In akwai, saya, ka ware kuɗin taya biyu da na jiran kaya daga Duwala, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In ita kaɗai za ta zama motar gida, a ganina ka nemi mai ƙofa huɗu irin Golf GTI, ka haƙura da naɗe rufi. Kuma ka saya da kuɗin da ba ka gaggawar ganinsu, don masu sha'awa sun fi masu biya yawa. Tawa wata biyar ta yi a bakin gareji, samari na zuwa suna ɗaukar hoto da ita, kafin wani ɗan kasuwa daga Kusiri ya taya da gaske.