Yadda Ake Bambance Kalmomin Dandamali Kafin Atisayen Wasan Kwaikwayo

Sau da yawa mai ba da umarni kan ce wa ɗan wasa ya matsa hagu, sai ɗan wasan ya nufi ɗaya gefen, kuma kowannensu yana ganin shi ke da gaskiya. Ana kauce wa wannan idan aka zauna aka tantance kalmomin aiki tun ranar farko.

Da farko, a raba dandali da dandamali. Dandali fili ne da 'yan kallo ke kewaye 'yan wasa ta kowace fuska, kamar yadda ake yi a fagen dambe. Dandamali kuwa wuri ne da aka ɗaga sama da ƙasa, kuma shi ma iri-iri ne. Akwai wanda 'yan kallo ke fuskanta ta gaba kaɗai, suna leƙawa ta wata babbar ƙofa mai labule, irin na gidan wasan Farnese da aka gina a Parma ta Italiya a 1618. Akwai kuma wanda ya kutsa cikin jama'a har suka kewaye shi ta ɓangare uku, irin na Globe da aka buɗe a Landan a 1599.

Mataki na biyu shi ne wanda na fi so a daɗe a kansa. Hagu da dama na dandamali ana lissafa su ne daga jikin ɗan wasa yayin da yake fuskantar 'yan kallo, saboda haka hagunsa shi ne daman mai ba da umarni da ke zaune a kujerun kallo. A tsayar da kowane ɗan wasa a tsakiya, a kira ɓangare, ya taka zuwa can, a maimaita har ƙafarsa ta saba.

Daga nan a koyar da sama da ƙasa. A da, Turawa kan gina dandamali da ɗan gangare, bayansa ya fi gabansa tudu domin na nesa su gani sosai, shi ya sa har yau "sama" ke nufin nesa da 'yan kallo, "ƙasa" kuma kusa da su, ko da daɓen a miƙe yake.

Sai kashi da fitowa. Kashi babban yanki ne na labari, fitowa kuwa ƙaramin yanki ne a cikinsa, wanda kan sauya idan wuri ko lokaci ya sauya. A rubuta lambar kowace fitowa a gefen takardar ɗan wasa, tare da gefen da zai shigo da wanda zai fita.