Yadda ake gano galaksin NGC 1300 da madubin hangen nesa

NGC 1300 galaksi ne, wato babban gungun taurari, mai siffar fanka mai juyawa, sai dai a tsakiyarsa akwai wani dogon sanda na taurari, kuma daga bakin sandan nan biyu hannayensa suka lanƙwaso. Masanin taurari John Herschel ne ya fara ganinsa a 1835. Haskensa kan yi fiye da shekara miliyan 60 kafin ya iso mana, don haka kar ka sa ran ido kaɗai zai wadatar.

Da farko, zaɓi dare. Daga Nuwamba zuwa Janairu ne lokacinsa, a daren da babu farin wata. Matsalar ita ce lokacin hunturu ne. In hazo ya sauka, ka haƙura ka koma ɗaki. Fita bayan gari, nesa da fitilu, ka ba idonka kamar minti 20 ya saba da duhu.

Na biyu, nemi Kaza da 'Ya'yanta. A tsakiyar Disamba, wajen ƙarfe 10 na dare, tana kusa da tsakar ka. Juya ka fuskanci kudu. Daga Kano, galaksin na sama da ƙasa da kusan digiri 59, cikin jerin taurarin Eridanus. Buɗe manhajar Stellarium mai nuna taswirar taurari, rage hasken wayar, ka nemo tauraron Tau-4 Eridani. Daga shi ka hau arewa digiri biyu da ɗoriya.

Na uku, saita madubin. Mai faɗin inci 8 zai nuna maka ɗan dusu-dusun haske mai cibiya. Sandan kuwa sai inci 10 ko 12, shi ma da haƙuri. Kar ka ƙura masa ido kai tsaye. Kalli gefensa kaɗan, domin gefen ido ya fi kama raunanan haske.

Kada hoton da madubin Hubble da ke sararin samaniya ya ɗauka a 2004 ya ruɗe ka, ba za ka ga shuɗi da ja ba. Amma sandan nan shi ne abin nema: shi ke jan iskar gas zuwa tsakiya, inda sababbin taurari ke kunnowa. Galaksin da muke ciki ma yana da irinsa, sai dai mazaunin ɗaki ba ya ganin jinkarsa daga sama.

Ka ɗauki rigar sanyi da kujera, tsayuwar ba ta minti biyar ba ce.