Kafin Ku Gina Allon Alƙaluma, Ku Nemo Mai Yanke Shawara

Sau da yawa masu nazarin bayanai kan share wata biyu suna ƙera allon alƙaluma mai kyau, wato shafin da ke nuna bayanai a taƙaice, a manhajar Power BI, amma wanda aka yi dominsa ko sau biyu bai buɗe shi ba. Dalilin shi ne an fara daga bayanan da ke hannu, ba a fara daga mutumin da zai yi aiki da su ba. Ga yadda za ku juya aikin, da misalin rigakafin yara a ƙananan hukumomi 21 na Jihar Kebbi.

Ku fita daga ofis tukuna. Ku je Argungu ko Zuru ko Yauri, ku zauna da jami'in rigakafi ranar da yake haɗa rahoton wata. Kada ku ce masa "me kake so mu yi maka?", domin zai ce duk bayanan yake so. Ku ce, "Ranka ya daɗe, wace shawara kuka yanke a makon jiya, kuma da me kuka dogara?" Sannan ku zuba ido: waya yake riƙe ko kwamfuta, akwai sabis ko babu, waɗanne lambobi yake kwafewa cikin littafinsa. Mutum biyar sun isa a zagayen farko.

Da kun dawo, ku rubuta matsalar a jimla ɗaya mai ɗauke da mutum da shawara da lokaci: jami'in rigakafi yana so ya san, kafin taron wata, asibitoci biyar da zai fara kai wa ziyarar duba aiki. Duk abin da bai taimaki wannan jimla ba, a ajiye shi.

A nan ne ake zaɓen ma'auni, kuma a nan aka fi yin tuntuɓe. Ma'auninmu shi ne yawan yaran da suka fara rigakafi ba su kammala ba. Ana yi wa jariri allurar Penta, mai kariya daga cututtuka biyar, sau uku, a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa. Ku ɗebe adadin yaran da suka karɓi ta uku (Penta 3) daga na waɗanda suka karɓi ta farko (Penta 1), ku raba da na Penta 1, ku ninka da 100. Yara 200 sun fara, 170 sun kammala, kashi 15 ke nan suka zube, kuma abin da ya haura kashi 10 yana buƙatar a bi sawu. Amma a lura. Asibitin da bai tura rahoto a DHIS2 ba, wato manhajar tattara bayanan lafiya, a ware shi daban, kada a ɗauke shi sifili. Wanda ke da yara takwas kacal, yaro ɗaya na iya jefa shi sahun gaba, don haka a haɗa masa wata uku. Idan sakamako ya faɗi ƙasa da sifili, wataƙila yaran sun karɓi ta farko a wani wuri, kamar yadda ake gani da iyalan makiyaya, ko kuma an yi kuskuren rubutu.

Kafin ku taɓa kwamfuta, ku zana shafin a takarda, ku miƙa wa jami'in, ku yi shiru. Wannan shirun yana da wuya, amma ku daure. Idan minti ɗaya ya wuce bai faɗi inda zai fara zuwa ba, zanen ne ke da gyara. Ba mamaki ku tarar hoton shafi ɗaya ta WhatsApp ya fi masa allon gaba ɗaya.

Sai a naɗa mutum guda ya riƙe jerin buƙatu, shi ke cewa wanne ne gaba, kuma a riƙa fitar da abu mai amfani duk zangon mako biyu. Idan shugaba ya kawo sabuwar buƙata a tsakiyar zango, sai ya ce, "Za a yi, yallaɓai, amma wanne za mu jinkirta?" A ƙarshen kowane wata ku buga wa jami'an waya ku ji asibitoci nawa cikin biyar ɗin aka ziyarta, da abin da aka tarar a can, domin daga nan ne aikin zango na gaba zai fito.