Yadda zaki riƙe sana'arki a ƙauye ba tare da uwar kuɗi ta narke ba

A nan yankinmu na Ringim da Taura abu ne da muka saba gani, mace zata fara ƙuli-ƙuli ko awara ko ɗinkin hula da kaka, hannunta da kyau, kaya na fita, amma kafin ruwan farko ya sauka sai ki ji ance ai wance ta daina, jari ya karye. In kika bi diddigi kuma zaki tarar masu saye suna nan basu je ko'ina ba, a cikin gida kuɗin ya tsiyaye, ɗari biyar ta cefane yau, dubu ta gudunmawar biki gobe, ga na maƙociya da tace sai ranar kasuwa kuma har yau ranar kasuwar bata zo ba. To 'yar uwa ga yadda ake toshe waɗannan ƙofofin, maza masu teburi da masu keken ɗinki ku ma ku matso don duk kanwar ja ce.

Ki fara da sanin me yasa kike sana'ar. Nasan za'a ce wannan ai kowa ya sani, don kuɗi mana, amma kuɗin me? Ki samu littafin rubutu irin na 'yan firamare ki rubuta a shafin farko, da boko ko da ajami duk ɗaya, in baki iya ba ki sa ɗanki ya rubuta miki: kuɗin makarantar yara, ko kayan ɗakin 'yarki, ko tunkiyar kiwo, ko keken ɗinki naki na kanki. Amfanin wannan shine shi zai zaɓar miki sana'ar da ta dace dake. Wadda take neman na cefanen kullum ta kama abinda ke juyawa a yini ɗaya, ƙosai, awara, ɗanwake, kunun gyaɗa. Wadda take tarin kayan ɗaki ita ce zata iya haƙurin hula, don hula mai aiki sosai sai ta ci makonni a hannu kafin ki ga ko sisi. Da yawa suna ɗaukar sana'ar haƙuri alhali buƙatarsu ta yau ce, sai yunwa ta sa su karyar da kaya a wulaƙance.

Sai lissafi, kuma nan zan daɗe don nan ne ake faɗuwa. Mu ɗauki man gyaɗa. Kin sayo gyaɗa, kin soya, kin murje kin sheƙe ɓawon, an kai inji an markaɗo, kin zuba a turmi kina tuƙawa kina yayyafa ruwan zafi har mai ya taso, kin matse, tunkuzar kin mulmula kin soya ƙuli. Yawancinmu kuɗin gyaɗar kawai muke riƙewa a ka. Ina itacen suya? ina kuɗin inji, da ɗan abinda kika ba yaron da ya kai niƙan, gishiri, yaji, leda, kwalaben da kika saya, kuɗin motar zuwa kasuwar Gujungu ranar Lahadi da dawowa? Duk ki rubuta, har naira hamsin. A ce misali duka-duka kin kashe 20,000, kin sayar da mai da ƙuli kin haɗa 25,000. Wannan 5,000 ɗin ba duka bace riba, ki fara cire ladan aikinki, ki tambayi kanki da wata kika ɗauka ta yini tana tuƙa miki turmi nawa zaki bata, to wannan shine naki na kashewa, ki sayi omo ki sayi anko ba mai ce miki don me. Abinda ya rage ki raba biyu, rabi ya koma cikin jari, rabi ya tafi wajen abin nan da kika rubuta a shafin farko.

Ga wani abu da tsadar nan ta koya mana, tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na kaya suka daina zama wuri ɗaya: ki daina ƙirga jarinki da naira, ki ƙirga shi da tiya. In wancan makon 20,000 ta sayo miki tiya goma, wannan makon kuma tara ta sayo, wallahi jarinki ya ragu ko da kuɗin na nan cif a ƙullin zani. Don haka jarinki tiya goma ne, sai kin mayar da tiya goma a ɗaki sannan ki fara maganar riba. Mai ɗinki ta ƙirga da yadi da ƙwaryar zare, mai awara da kwanon waken suya. Kuma farashi ki saka shi da kuɗin da zaki sayo sabon kaya, kar ki saka da na tsohon sari.

Kuɗin sana'a kada ya kwana jaka ɗaya da na gida. Gwangwani daban, ko asusu, ko akawun a waya. In maigida ya nemi rance ki bashi in da hali, aure ai taimakon juna ne, amma ki ɗauko littafin a gabansa cikin raha ki ce Malam bari in rubuta kar in manta, kuma ku tsayar da rana. Mazan kirki basa jin haushin wannan, wasu ma sai kin ga sun fara girmama sana'ar.

Bashi kuwa kar wani ya ruɗe ki da cewa ki hana gaba ɗaya, wanda ke faɗin haka bai zauna a ƙauye ba, inda mai sayen nan gwaggon mijinki ce, waccan kuma ita ta yi miki wankan jego. Abinda zaki yi shine ki yanke iyaka, ki ce bashin dake waje ba zai wuce kaza ba, in ya kai nan an rufe sai wani ya biya. Kowane bashi da ranarsa, kuma ba'a ɗora sabo akan tsoho. Ki faɗa da fara'a, Gwaggo kiyi haƙuri a kawo na wancan makon sai in auna miki, sau biyu zaki faɗa kowa ya gane tsarinki. Aikin oda kuma, hula ko ɗinki ko turaren amarya, sai an bada kafin alƙalami wanda aƙalla zai sayi kayan aikin. Masu tiransifa ki jira alat ya shigo wayarki ki duba balans da idonki, hoton risit da aka turo ta WhatsApp ba kuɗi bane. Wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023, lokacin canjin 200 da 500 da 1,000, ta nuna mana amfanin akawun, waɗanda suke dashi sun ci gaba da ciniki sauran suna zaune da kaya, to ki buɗe da sunanki, ba da na ƙaninki ba.

Yanzu maganar fasaha, don sana'ar hannu in ba sabon abu sai ta gundure ki ta gunduri masu saye. Dubi hula. Akwai mai zane, akwai mai ɗinki, akwai mai wanki da zai sa mata sitati ya ɗora a kan itace ya buge ta ta fito tana sheƙi, sannan ga dillali. A duk layin nan wadda ta fi shan wahala, matar dake zaune a tsakar gida da allura har idonta na ruwa, ita ta fi kowa samun kaɗan, saboda ladan ɗinki kawai ake bata. Hanyar fita ba wai ki watsar da aikin lada rana ɗaya ba, ki ci gaba da karɓa, amma daga ribar nan ki sayi yadi da zare naki, ki biya mai zane, ki ɗinka guda ɗaya taki ta kanki, ki bada a wanke, ki sayar da kanki ko ta hannun ɗan uwa mai amana. Ranar da kika ga bambancin kuɗin ba sai an ƙara miki bayani ba.

Kuma zane ba sai na TikTok ba, wanda kowa ya gani kowa zai kwaikwaya, sati biyu ya cika kasuwa. Ki buɗe ido a inda kike. Faifan da kakarki ta saƙa, yadda ta jera ja da baƙi da ruwan ɗorawa. Zanen jikin ƙwarya, dagin dake saman ƙofar tsofaffin zaure, aska takwas ta babbar riga, kwalliyar dawakai ranar hawan sallah, har lallen amare. Marinar Ƙofar Mata a Kano tun 1498 ake rini a cikinta kuma har gobe baƙi na zuwa saye, abin gida baya tsufa in an iya fito dashi. Ki ɗauki abu ɗaya ki canza masa kala ko girma, ki gwada a guda ɗaya tak, in ya karɓu ki ƙara. Ni dai a ganina gara a san ki da abu ɗaya da ba'a samu sai wajenki, ko yajin ƙulinki ne, da ace kina taɓa sana'a bakwai.

Hoto ki ɗauka da safe a waje, kan tabarma mai tsabta, ki goge gilashin kyamarar da gefen mayafi, ki sa a sitatus da farashi a rubuce. Aike kuma ki riƙe direba ɗaya a tasha wanda aka sani, ki rubuta lambar mai karɓa a jikin ƙullin, ku yi maganar wa zai biya kuɗin mota tun kafin kaya su tashi.

Ki san kalandar garinku. Da kaka gyaɗa da riɗi da zoɓo suna araha kuma mutane na da kuɗi, lokacin biki ne, nan ake sari a ajiye in da hali, masu zuwa Maigatari ranar Alhamis ko Wudil ranar Juma'a ki riƙa tambayarsu farashi ko ba saye zaki yi ba. Gyaɗar ajiya ta bushe ƙayau, a ɗora buhun kan katako kar ya taɓa ƙasa, wadda ta yi fumfuna ki zubar, guba ce, kar ki ce suya zata kashe ta. Da damina kuɗin kowa na gona, ki rage yawan abinda kike yi ki ƙara tsaurara bashi. Masu ɗinki da hula da turare kuma ku fara aikin sallah tun watan Sha'aban, wanda ya bari sai goman ƙarshe na azumi shi ke kwana kan keke yana saɓa alkawari.

Rajista ba abin gaggawa bane ga mai tiya goma. Sai kin fara kai kaya shaguna a Dutse ko Kano sannan ki nemi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kayan ci na cikin leda ko kwalba da zasu shiga kanti kuma suna buƙatar lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, akwai kuma SMEDAN dake kula da ƙananan sana'o'i. Adashi da matan da kika sani ya fi miki sauri a farko, ki dai duba wacece uwar adashin. Masu yawo gida-gida ko a guruf suna cewa a kawo dubu biyu ta fom za'a bada tallafin jari, ki ce su nuna miki ofishinsu ki aika a dubo. Kar ki ba kowa BVN ɗinki ta waya, lambar sirrin katinki da lambar da ake turowa ta saƙo kuwa ko ma'aikacin banki bashi da hurumin tambayarki.