Yadda ake gano nisan tafiyar jirgin sama tsakanin garuruwa biyu na can ƙuryar arewa

Kar ka fara da ɗora ruler a kan taswira. Yawancin taswirorin da muka saba gani an zana su ne bisa tsarin da masanin taswira Mercator ya fito da shi a 1569, kuma wannan tsari yana kumbura duk ƙasar da ta kusanci ƙarshen arewa. Shi ya sa Girinland ke bayyana kamar ta kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14.

Da farko, nemo lambobin matsayin kowane gari. Buɗe Google Maps, danna kan garin ka riƙe, lambobi biyu za su fito: ta farko ta layin kwance ce, wato nisansa daga layin da ya raba duniya kudu da arewa, ta biyu ta layin tsaye, wato nisansa ta gabas ko yamma. Mu ɗauki Iqaluit ta Kanada da Nuuk, babban birnin Girinland, waɗanda teku ya raba. Iqaluit tana kan digiri 63.75 arewa da 68.52 yamma, Nuuk kuwa 64.18 arewa da 51.72 yamma.

Tunda garuruwan biyu duk suna arewa kuma suna yamma, sai ka cire ƙaramar lamba daga babba a kowane layi. Bambancin kudu da arewa digiri 0.43 ne. Kowane digiri a nan kimanin kilomita 111 ne ko'ina a duniya, don haka ka samu kilomita 48.

Gabas da yamma ne inda mutane ke zamewa. Bambancin digiri 16.8 ne, kuma wanda ya yi gaggawa zai ninka shi da 111 ya samu kusan kilomita 1,865. Ya yi kuskure fiye da ninki biyu. Layukan tsaye kamar ɓarin lemo suke, suna da faɗi a tsakiya, suna matsewa har su haɗe a ƙarshen arewa. Gyaran shi ne ka ɗauki matsakaicin layin kwancen garuruwan, wato 64, ka danna maɓallin cos a kalkuleta (ka tabbata tana kan digiri, wayoyi da yawa suna yaudarar mutum a nan). Za ta ba ka 0.438. Ninka da 111, digiri ɗaya ya koma kilomita 48.7 kacal. Ninka da 16.8, ka samu 818.

Yanzu ninka 48 da kanta, 818 da kanta, haɗa su, danna alamar √. Amsa: kimanin kilomita 820. Wannan dabara ta wadatar idan tazarar ba ta wuce kilomita dubu ɗaya ba. In ta zarce haka, sa haruffan da ke wakiltar filayen jirgin, YFB na Iqaluit da GOH na Nuuk a misalinmu, cikin manhajar da ke lissafin hanya bisa lanƙwasar duniya. Duba ma'aunin da ta nuna, don masu jirage da mil na teku suke aiki, kowane ɗaya kilomita 1.852.

Saura lokaci. Jirgin farfela mai gudun kilomita 500 a awa zai ci kusan awa biyu, har da tashi da sauka. Amma kafin ka amince da wannan, duba jadawalin kamfanonin jirage. Garuruwan arewa da yawa ba su da jirgi kai tsaye a tsakaninsu, sai an gangaro kudu an sauya, wani lokaci har da kwana a hanya. In haka ne, lissafa kowane zango daban ka tara.