Darasi Na Bakwai: Duba Ƙaramin Akwatin Wuta Na Kwamfutar Tebur

A cikin yawancin kwamfutocin tebur akwai wani akwatin ƙarfe mai fanka, wanda yake karɓar wuta daga soket, ya rage ƙarfinta, sannan ya rarraba ta ga sauran kayan ciki. Ƙananan kwamfutoci ƙaramin akwati suke ɗauka, kuma ɗaya daga cikin sanannun ire-irensa shi ne SFX. Kada yawan rubutun da ke jikinsa ya tsorata ku, domin kaɗan daga ciki za mu karanta.

Da farko ku zare wayar daga soket. Ku juyo bayan akwatin, kusa da ramin da wayar take shiga, ku nemi wani ɗan jan maɓalli mai lamba a kansa. Lambar ko dai 115 ce ko 230. Ƙarfin wutar Najeriya da Nijar bolt 220 zuwa 230 ne, na Amurka kuwa 120 ne, shi ya sa kwamfutocin gwanjo da suka fito daga can sukan iso a kan 115. Wanda ya jona irin wannan a soket ɗinmu zai ji ƙara, ya ga hayaƙi, akwatin kuma ya ƙone nan take.

Ku ɗora yatsa a kan lambar, ku karanta ta a fili: biyu, uku, sifili. Idan lambar da ɗaya ta fara, ku tura maɓallin da bakin sukurdireba har 230 ta bayyana, sannan ku sake karantawa. Wanda idonsa bai gani sosai ba ya haska tocila, babu abin kunya a ciki. Idan babu maɓallin, ku duba takardar jikin akwatin. In an rubuta 100-240V, shi da kansa yake daidaita wutar.

Ina maimaita wannan ne saboda a nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. Wasunku suna gaggawar ganin fanka ta juya, sai su jona waya ba tare da sun leƙa baya ba, kuma wannan sakaci ne, ba rashin iya karatu ba. Biyu, uku, sifili, kafin waya ta taɓa soket.

Bayan haka sai awo. Faɗin SFX milimita 125 ne, tsayinsa 63.5, zurfinsa 100. Idan za ku sayi sabon akwati, ku tafi kasuwa da tsohon ku gwada shi da sabon gefe da gefe, ku kuma ƙirga ramukan babban filogin da yake shiga babban allon cikin kwamfutar, domin wanda aka saba da shi 24 ne, amma ƙananan Dell da HP da yawa nasu daban yake.

Lambar da take kusa da harafin W ita ce yawan wat. Kada ta sabon ta gaza ta tsohon. Tambarin 80 Plus yana nuna cewa akwatin ba ya ɓarnar wuta da yawa.

Kada ku kwance murfinsa, domin wuta tana saura a ciki ko bayan an zare waya.

Aikin gida: ku rubuta 115 da 230 a littafinku, ku zagaye wadda ta dace da wutarmu.