Kurakuran da Ake Yi Wajen Tayar da Motar da Batirinta Ya Mutu

Da sanyin safiyar hunturu, daga Kawo har Tudun Wada a Kaduna, ba ka rasa ganin wanda ya buɗe bonet yana neman mai ara masa wuta. Jona batir ba wuya, amma nan ake yin ɓarnar da ta fi kuɗin sabon batir.

Kuskure na farko shi ne jona waya da ka. Jar waya ta fara zuwa kan mai alamar + na mataccen batir, ɗaya bakin kan + na mai rai. Baƙar kuma daga − na mai rai zuwa wani ƙarfe a jikin injin motar da ta mutu, nesa da batir, don batir na fitar da iskar da tartsatsi ke iya kunnawa. In ka juya su, fiyus da altaneta (na'urar da ke cajin batir) za su iya ƙonewa nan take. Kada kuma ka karɓi wuta daga tirela: yawancinsu bolt 24 suke amfani da shi, ƙaramar mota 12.

Wanda ya fi damuna shi ne cire kan batir inji na aiki, wai don a gwada altaneta, ko a tayar da mota da batirin aro a musanya tana kunne. Batir ne ke daidaita wutar. Da ka cire shi sai ta yi tsalle ta bugi kwamfutar motar. A sa mitar auna wuta kawai: altaneta mai lafiya na ba da bolt 13.5 zuwa 14.5 in inji na aiki.

Sai turi. Iyayenmu sun saba da Peugeot 504 da aka haɗa a Kakuri, wadda ko ƙaramar gangara ta ishe ta. Motar yau famfon man fetur ɗinta ma da wuta yake aiki, in batir ya mutu murus, turawa wahalar banza ce. In da sauran wuta: kunna makulli, taka kuloci, sa giya ta biyu, ba ta ɗaya ba, ta ɗauki gudu sannan ka saki. Otomatik kuwa kada ka wahalar da yaran unguwa, ba ta tashi da turi.

In ta tashi, minti biyar ba ya cika batir. Yi tafiyar aƙalla rabin awa, gobe in ta sake ƙi, kai ta wurin mai wayarin ya duba.